Littafin Mushe da maganar da na faɗa wa tela

Tun watan jiya nake son in rubuta wannan magana, kunya ce ta riƙe mini hannu, don ni ne mai laifi a cikinta.

Fadarmu a bakin shagon wani tela take, nan cikin Maradi. Benci biyu, tabarma guda, murhun gawayi da butar shayi, sai tele da ake fiddowa in akwai wasa kuma Allah ya sa akwai wuta. In kowa ya zo muna kai mu goma sha biyu. Duk wanda ya taɓa zaman fada ya san yadda abin yake, kafin a gama kofin farko an rabu gida biyu, ƴan Barsa can, ƴan Madrid nan. Messi da Ronaldo sun bar Sifen tun yaushe, mu har gobe ba mu sake su ba. Bara wani yaro ɗan jami'a ya ƙaro mana sabuwar rigima, shi ƙwallon kwando na Amurka yake bi, yana tashi ƙarfe biyu na dare ya kalla a waya. Ya ce mana Jordan ya ci kofi 6, LeBron 4, amma LeBron ya fi kowa tara maki a tarihin NBA, to wa ya fi? Cikinmu ba wanda ya taɓa kallon wasan kwando daga farko zuwa ƙarshe, amma kafin sati ya zagayo kowa ya ɗauki nasa gwanin, har da jijiyar wuya. Ɗan wana da ke zaune a Amurka ma ya turo mana murya yana bayanin wani wasansu da suke kira besbol, wai Dodgers za su kara da Toronto, wai akwai wani ɗan Japan, Ohtani, da ya iya jifa ya iya bugu. Mai dafa mana shayi ya saurara har ƙarshe, ya ce shi bai gane komai ba amma a rubuta mishi Dodgers. Suka kuwa ɗauki kofin, a wasa na bakwai. Yanzu ba a iya zama da shi.

Wannan "a rubuta" ɗin shi ne asalin labarin. Muna da wani dattijo, tsohon malamin lakkal da ya yi ritaya, kowa Mushe yake ce mishi. Shi ya gaji da halinmu na cewa "ai na faɗa" bayan an tashi wasa, ya sawo littafi irin na ƴan makaranta, ya kafa doka: kafin a busa, kowa ya faɗi hasashensa, a rubuta da suna da kwanan wata. Wanda ya fi kowa kuskure shi ke sayen sukari da ganyen shayi na gobe. Kuɗi ba ya shiga. Mushe ba ya ko son jin zancen cacar nan da yara ke yi a waya, ya ce ranar da aka kawo ta fada ranar zai naɗe tabarmarsa. Littattafan yanzu sun kai tara, suna cikin wata leda a ƙarƙashin teburin tela. Shekara biyu ke nan idon Mushe ya yi rauni, rubutun ya dawo hannuna.

Manya daga cikinku ba za su manta 8 ga Oktoba 2011 ba. Masar ta ci Mena 3 da 0 a Alƙahira, muka yi jugum, wasu har sun tada babur. Afirka ta Kudu ta yi 0 da 0 da Saliyo, ƴan wasanta suna ta rawa a fili, su a ganinsu sun wuce. Mushe ya duƙa kan littafinsa da biro, ya ɗago ya ce, "Ku dakata, mu munka wuce." Muka yi mishi dariya, ni na fi kowa. Ya ce ƙasa uku ne ke da maki 9, mu da Afirka ta Kudu da Saliyo, kuma dokar CAF ba ratar ƙwallaye take fara dubawa ba, sakamakon da ukun suka yi tsakaninsu take dubawa. A nan muna da 6, su kowa 5. Ba a jima ba rediyo ya faɗi abin da ya faɗa. Karon farko ke nan da Nijar ta je CAN, kuma a rukunin da Masar take, wadda ta ɗauki kofin sau uku a jere, 2006, 2008 da 2010. A shekarar CAF ta ba Harouna Doula kyautar gwarzon mai horarwa na Afirka. Tun ranar, in lissafi ya rikice, ba wanda ke musu da Mushe.

To a 2025 ma lissafin ne ya dawo. Neman zuwa kofin duniya na 2026, Maroko ta cinye rukuninmu ba ta bar ko maki guda ba, Mena ta zo ta biyu da maki 15 bayan ta je har Zambiya ta ci 1 da 0. Ku tuna fa, duk wannan tafiyar ba a gida aka yi ta ba, wasanninmu na gida a ƙasashen wasu ake buga su tunda ba a amince da filin Seyni Kountché ba. Yaran Badou Zaki sun yi abin a yaba. Amma cikin ƙasashe tara da suka zo na biyu, huɗu kawai za a ɗauka su je wasan cike gurbi, kuma da yake Eritiriya ta janye daga rukuninmu, sai aka ce sauran rukunonin a cire musu sakamakon da suka samu kan ta ƙarshe. Kwana biyu muna wannan lissafi, ina karantowa daga waya, Mushe yana tarawa da ka. Ya ce ƙwallo biyar ɗin da Maroko ta zuba mana a Rabat su ne za su kashe mu, don ratarmu ƙwallo ɗaya ce tak. Hanya ta rage siririya: aƙalla sai Najeriya ta kasa cin Benin, kuma Kongo Kinshasa ta kasa cin Sudan. Wani abin dariya, mai horar da Benin ɗin Gernot Rohr ne, mutumin da ya kai Mena CAN ta 2013, daga baya kuma ya riƙe Najeriya shekara biyar. Muka ce to, tsohon namu ne, ya yi mana wannan alfarmar.

Ranar Talata 14 ga Oktoba da la'asar aka fiddo tele. Na bi kowa na rubuta. Duk fada Benin ko kunnen doki, sai tela shi kaɗai ya ce Najeriya 2 da 0. Ban yi mamaki ba. A Maradi aka haife shi, a Maradi aka haifi ubansa, amma mahaifiyarsa ƴar Jibiya ce, kawunnansa suna Katsina, kuma tun muna yara in Super Eagles na wasa ba ya ɓoye inda zuciyarsa take. Da can wasa muke yi da abin.

Ko zama ba mu gama yi ba Osimhen ya jefa ta farko. Tela ya yi tsalle daga kan keken ɗinki, awo a wuya, yana "Allahu akbar!" Na ji abin har cikin hanjina, na yi shiru. Ta biyu kafin hutu, ta uku bayan an dawo, duk Osimhen. Da Onyeka ya saka ta huɗu a ƙarshen lokaci, tela ya zagaya benci yana tafi, ya dafa kafaɗata ya ce, "Aboki, rubuta, rubuta!" Sai na ture hannunsa na ce, "To tunda haka ne ka kwashe kekenka ka koma ƙasarku mana, mi kake yi nan?"

Wurin ya yi tsit. Ban taɓa jin fadarmu ta yi irin wannan shiru ba, har ƙarar gawayi ana ji. Tela bai ce mini komai ba. Ya cire awo daga wuya, ya naɗe shi a hankali, ya shiga shago. Mushe ya juyo da fuskarsa wajen da muryata ta fito, ya ce, "Kai, ka ji abin da ka faɗa kuwa?" Na ce wasa nake. Ya ce, "Ba ka yi kama da mai wasa ba." Da dare Kongo ta ci Sudan 1 da 0, wanda ke nufin ko da Benin ta yi mana abin da muke so, ba za mu wuce ba. Wato na zubar da zumuncin shekara talatin a kan wasan da ko ya tafi yadda nake so bai kai mu ko'ina.

Na daɗe ina tambayar kaina daga ina maganar ta fito, don ban shirya ta ba. Ina jin tun 2023 take kwance. Lokacin da aka rufe iyaka aka yanke wuta, kowa a garin nan ya sha wuya, kuma akwai maganganun da suka riƙa yawo a bakin mutane kan "su" da "mu" waɗanda da ba a saba jinsu tsakanin Maradi da Katsina ba. Ni ma na yi su, ban musanta ba. Abin da na manta shi ne tela ya fi ni shan wuyar. Kekensa na wuta ya tsaya, ya koma na ƙafa. Kakarsa ta rasu a Jibiya a watannin nan, tafiyar da ba ta kai awa biyu ta hanyar Ɗan Isa, sai ta ɓarauniyar hanya ya bi bisa babur, ya tarar an riga an kai ta. Ni na raka shi tasha ranar. Duk na san wannan, kuma bakina ya buɗe ya ce ya koma ƙasarsu.

Kusan sati uku ban taka fada ba. In zan wuce sai in bi ta bayan layi. Matata ta lura, ta tambaye ni ina kayan yaran da na ce zan kai ɗinki, na ce telan ya yi aiki da yawa. Ta dube ni kawai.

Mushe ne ya aiko jikansa, wai in zo gida in karanta mishi wata takarda. Na je na tarar da ledar littattafan a gabansa. Ya laluba ya zaro na farko, wanda bangonsa ya yage, ya ce in buɗe shafin Oktoba 2010, wasan Mena da Masar a Yamai. Na buɗe. Rubutunsa ne na da, mai kyau, irin na malaman da. Ya ce in karanta da ƙarfi, shi ba ya gani. Na karanta sunaye ɗaya bayan ɗaya, kowa Masar. Nawa sunan, Masar 3 da 0. Can ƙasa sunan tela, Mena 1 da 0. Shi kaɗai. Kuma haka aka tashi, Maazou ya ci. Mushe ya ce in wuce shafin 2011. A gefen shafin ya rubuta da jan biro cewa tela ya kwana yana ɗinka tutoci, bai karɓi ko dala ba. Na tuna, wallahi na tuna, don wadda na ɗaura a babur ɗina muka zagaya gari da ita daga hannunsa ta fito.

Na rufe littafin. Mushe ya ce, "Ni ban kira ka don wa'azi ba. Littafin ga na fada ne, ba ya zama gidana. Ka maida shi inda ka san yana zama."

Ban maida ba ranar, sai da na ƙara kwanaki, kun san zuciya. Najeriya ta ci Gabon a wasan cike gurbi, aka zo na ƙarshe da Kongo ranar Lahadi 16 ga Nuwamba a Rabat. A gida na kalla. Aka tashi 1 da 1, aka je bugun fenariti, Kongo ta yi nasara. Najeriya ma ba za ta je ba, karo na biyu a jere. Na zaci zan ji daɗi. Da na ga ƴan wasan zaune a ƙasa sai fuskar tela ta faɗo mini, na ɗauki leda na fita, dare ya riga ya yi nisa.

Na same shi shi kaɗai yana maida tele ciki. Na yi sallama ya amsa. Na kama mishi gefe guda muka shigar. Na ce, "Aboki, maganar da na faɗa ranar nan, ka yafe mini, ban kyauta ba." Ya daɗe yana naɗe waya bai dube ni ba. Sannan ya ce, "Da wani ne ya faɗa da ban ji komai ba. Kai ka san inda anka binne tsohona." Na ce na sani. Ya ce Allah ya yafe mana baki ɗaya, ya karɓi ledar ya tura ƙarƙashin tebur. Har yanzu ba mu koma kamar da ba, ba zan yi muku ƙarya ba. Yana gaishe ni, muna shan shayi, amma bai sake dafa kafaɗata ba.

Daga baya muka buɗe sabon shafi, na CAN da aka sa za a fara a Maroko 21 ga Disamba 2025, wadda mu sai kallo daga benci tunda maki ɗaya ya raba mu da Sudan a 2024. Yawancin fada Maroko suka ce, suna gida kuma a lokacin rabonsu da kofin tun 1976. Mutum biyu Senegal. Ɗan jami'a ya ce Kodebuwa za ta riƙe abinta. Mai shayi ya tambaya ko Dodgers na ciki. Mushe ya ce shi sai ya ji jerin ƴan wasa tukuna, a bar mishi layi. Da na zo kan tela, bai ɗago daga ɗinkin da yake ba ya ce, "Ka san abin da za ka rubuta." Na rubuta Najeriya. Ya ce, "Saura kai." Na ce Maroko. Ya ce to in fara tanadin kuɗin sukari, kuma in kawo kayan yaran nan kafin aikin ƙarshen shekara ya taso mishi.