Cinikin Micah Parsons: Dalilin Da Ya Sa Na Goge Amsata

Daren jiya Alhamis, ina shirin kwanciya, sai ga saƙon wani abokina da muke kallon ƙwallon Amurka tare: "Mutumina, ka ga ɗanyen aikin da Jerry Jones ya yi kuwa? Dallas ta ba Green Bay Micah Parsons. To wa ya cuci wani?"

Har na rubuta masa amsa mai zafi, na ce tsufa ne ya kama mai ƙungiyar nan, shekara 82 ba wasa ba. Sai na tuna wani rubutu nawa na watan Maris 2022, wanda har yau hotonsa na nan ajiye a wayar wannan abokin nawa, yana jiran ranar da zai sake jefo min. Na goge amsar, na ce masa ya bari sai da safe. To ga safiya ta yi, kuma amsar ta fi ƙarfin saƙon waya, shi ya sa na kawo ta nan. Ku yi haƙuri da tsawonta.

Na san wasunku za su ce wai me ya haɗa ni da wasan masu hular kwano. A 2013 aka tura ni wani kwas na wata uku a Amurka, ranar Lahadi ba abin da talabijin ɗin masaukinmu ke nunawa sai shi. Daga kallon dole na koma kallon so. Yanzu duk shekara sai na raba dare ina kallon Super Bowl, uwargida tana cewa ita dai ba ta ga abin kallo a mutanen da ke ta faɗuwa kan juna ba.

Bari in fara da yadda cinikinsu yake, don ya sha bamban da wanda muka saba gani a Turai. A can PSG ta zube Yuro miliyan 222 a 2017 ta ɗauke Neymar, magana ta ƙare. A gasar NFL ba haka ake yi ba. Ƙungiyoyi 32 ne, ba wadda ake korarwa zuwa ƙaramar gasa. Duk shekara a watan Afrilu ana zaman zaɓen sabbin 'yan wasa daga jami'o'i, zagaye bakwai, kuma ƙungiyar da ta fi kowa shan kashi ita ke fara zaɓa, zakara ta zo ƙarshe. Waɗannan guraben zaɓe su ne kuɗin kasuwar. In kana son ɗan wasan wani, sai ka ba shi gurabenka na baɗi ko na baɗin baɗaɗa, ko ka haɗa masa da wani ɗan wasa naka. Ba ni gishiri in ba ka manda ke nan. Sannan akwai iyakar albashi: a kakar 2025 an kayyade cewa kowace ƙungiya ba za ta wuce dala miliyan 279.2 ba, kuma 'yan wasa 53 za ta riƙe. Abin da ka ba mutum ɗaya, daga bakin sauran ka cire shi.

Ga cinikin jiya. A lokacin cinikin, a 2025, Parsons ɗan shekara 26 ne, aikinsa farautar kwatabak, wato madugun da ke jefa ƙwallo. A kaka huɗun da ya buga kafin cinikin, ba kakar da ya kayar da kwatabak ƙasa da sau 12. Green Bay ta ba da gurabenta na zagayen farko na 2026 da 2027, ta haɗa da Kenny Clark, sannan ta ba Parsons kwantiragin dala miliyan 188 na shekara huɗu. Miliyan 47 ke nan a shekara, kusan kashi ɗaya cikin shida na iyakar albashin 2025.

To yanzu abin kunyata. A Maris 2022 Denver ta karɓo Russell Wilson daga Seattle. Ta ba da gurbi biyu na zagayen farko, biyu na zagaye na biyu, ɗaya na zagaye na biyar, da 'yan wasa uku. Ni kuwa na hau nan na rubuta cewa Denver ta yi wa Seattle fashi da rana tsaka, har na ce a ajiye maganata. Hujjata? Wilson ne ya jagoranci Seattle ta lallasa ita Denver ɗin 43 da 8 a Super Bowl na Fabrairun 2014. Abin da ke cikin kaina ke nan, wasan da aka yi shekara takwas kafin cinikin.

Kun san yadda ta kaya. Kafin ya buga musu wasa ko ɗaya Denver ta ƙara masa kwantiragin shekara biyar na kusan dala miliyan 245. Wasan farko Seattle ta doke su 17 da 16. A kaka biyu Wilson ya ci wasa 11, ya faɗi 19. A Maris 2024 suka sallame shi tun sabon kwantiragin bai fara aiki ba, suka ɗauki asarar dala miliyan 85 a lissafin albashinsu kan mutumin da ba ya buga musu. Kuma saboda Denver ta sha kashi a 2022, gurbin da ta ba Seattle ya zama na biyar a zaɓen 2023, suka ɗauki Devon Witherspoon da shi.

Da na zauna na duba inda na kuskure, abu biyu na gani. Na yi wa Wilson kuɗi da abin da ya riga ya yi, alhali mai saye gobe yake saye, kuma mutumin yana da shekara 33. Na biyu, guraben kawai na ƙirga, ban sa albashin a ma'auni ba. Mai sayen tauraro a NFL sau biyu yake biya: ya biya ƙungiyar da gurabe, ya biya ɗan wasan da kaso mai tsoka na albashi. Yaron da aka zaɓo daga jami'a kuwa, tun dokar 2011 albashinsa ƙayyadadde ne. Sam Bradford, na ɗaya a 2010, ya samu kwantiragin dala miliyan 78. Cam Newton, na ɗaya a 2011, miliyan 22 ya samu na shekara huɗu. Wanda ya ba da gurbi, ma'aikaci mai araha na shekara huɗu ya bayar.

Masu kare Jerry Jones tun jiya sunan Herschel Walker suke ta kira, kuma suna da dalili. A Oktoban 1989, shekarar da Jones ya sayi ƙungiyar, koci Jimmy Johnson ya ɗauki ɗan wasansu mafi ƙwarewa ya ba Minnesota, a cinikin da ya haɗa 'yan wasa da gurabe 18. Wasan Walker na farko a Minnesota ya ruga yadi 148, har takalminsa ya cire a wani gudu bai tsaya ba. Dallas kuwa wasa ɗaya ta ci cikin 16 a kakar. Duk wanda ya yanke hukunci a makon nan, Minnesota zai ba gaskiya. Amma Johnson ya ɗaura sharaɗi a cinikin: duk ɗan wasan da Dallas ta sallama cikin waɗanda aka ba ta, Minnesota za ta biya da gurbi. Su sun ɗauka mutanen yake so, shi kuwa guraben yake hari. Ƙarshe ya tashi da gurbi uku na zagayen farko da uku na zagaye na biyu, ya yi ta juya su har suka haifar da irin su Emmitt Smith da Darren Woodson. Dallas ta ɗauki kofi a kakar 1992, 1993 da 1995. Walker bai cika shekara uku a Minnesota ba, kuma har yau Minnesota ba ta taɓa ɗaukar Super Bowl ba.

Sai dai jama'a, a nan ma akwai tarko. Gurbin zaɓe cinikin biri a sama ne. A 1999 Mike Ditka na New Orleans ya kwashe gurabensa na shekarar kaf, ya ƙara da biyu na 2000, ya ba Washington don ya samu Ricky Williams. New Orleans ta ci wasa 3 ta faɗi 13, aka kori Ditka. To ita Washington da ta kwashi garaɓasar, ina kofinta? Ta samu 'yan wasa masu kyau, amma ba ta je ko'ina ba. Gurabe ba sa cin kofi da kansu, sai hannun da ya iya zaɓe, sannan ga rabo.

Su kansu ƙwararrun ba su da tabbas. A farkon shekarun 1990 Dallas ta ƙirƙiro wani jadawalin farashi da ake kira da sunan Jimmy Johnson, sauran ƙungiyoyi suka ara: gurbi na 1 maki 3000, na 16 maki 1000, na 32 maki 590. Daga baya wasu masana biyu, Cade Massey da Richard Thaler, wanda ya samu kyautar Nobel ta tattalin arziki a 2017, suka bi diddigin zaɓukan shekaru da dama. Suka gano ana tsawwala wa guraben sama kuɗi fiye da kima. In ka ɗauki 'yan wasa biyu masu aiki iri ɗaya, damar cewa wanda aka fara zaɓa ya fi wanda ke bi masa ba ta wuce kashi 52 cikin 100 ba. Kusan canki-canka ke nan. San Francisco ta gani a jikinta: a 2021 ta kashe gurbi uku na zagayen farko kan Trey Lance, wasa huɗu kacal ya fara mata. Brock Purdy da ta ɗauka na 262 a 2022, na ƙarshen ƙarshe, shi ya kai ta Super Bowl a Fabrairun 2024.

Akwai kuma cinikin da ya koya min cewa ba dole sai an cuci wani ba. A 2021 Rams ta Los Angeles ta ba Detroit Jared Goff da gurbi biyu na zagayen farko da ɗaya na zagaye na uku, ta karɓi Matthew Stafford. Rams tana da komai, madugu kawai take nema, kuma a kakar farko ta ɗauki kofi. Detroit gini take daga tushe, lokaci take buƙata. A Janairun 2024 Goff ɗin da aka yar ya jagorance ta ta fitar da Rams 24 da 23, nasararta ta farko a wasannin sili-ɗaya-ƙwale cikin shekara 32. Kowa ya sayi abin da gidansa ke buƙata.

Abin da ya sa maganar nan ke taɓa ni ya wuce ƙwallo. A 2019, ina riƙe da wani sashe a wurin aikinmu, na matsa wa daraktanmu lamba a kawo min wani babban jami'i da ya yi suna a wani sashen. Shugaban can ya ce ya yarda, amma in ba shi yara biyu sabbin ɗauka 'yan mataki na 8 da aka turo min. Ko sunayensu ban gama riƙewa ba, nan take na amince, ina ganin na yi wayo. Ban buɗe fayil ɗin jami'in ba, da na ga saura masa wata 18 ya cika shekara 35 na aiki. Ya taimaka min, ba zan ci haƙƙinsa ba, amma a gajiye ya zo, hankalinsa na kan takardun fansho. Yaran nan biyu kuwa yau su ke riƙe da duk aikin kwamfuta na can sashen, ni nake aika musu roƙo.

Abin da ya fi tsaya min a rai shi ne ranar da na miƙa musu takardar canjin wurin aiki. Ɗayansu ya tsaya a bakin ƙofa ya ce, "Yallaɓai, wani laifi muka yi ne?" Na ce masa a'a, tsarin aiki ne kawai. Ban iya gaya masa cewa ciko na yi da su ba. Shi ya sa jiya da kowa ke maganar Parsons, ni Kenny Clark na tuna: kaka tara yana Green Bay, saura kwana kaɗan a fara gasa, aka ce ya tattara iyalinsa ya nufi Dallas, kuma a labaran ma sunansa a ƙarshen jimla yake zuwa.

To mutumina, ga amsarka. Green Bay ƙungiya ce ta matasa da ke ganin kofi na kusa, kuma ta sayi ɗan shekara 26, ba ɗan 33 ba. In Parsons ya yi abin da aka saye shi dominsa, guraben da Dallas za ta karɓa za su faɗo can ƙasan zagayen farko, kusa da 590 ɗin nan, nesa da 3000. Wannan ne ya sa a yau, da abin da kowa ya sani a yau, nake ganin hujjar Green Bay ta fi ƙarfi. Dallas kuma ta samu sararin albashi da gurbi biyu, amma a 1989 ƙungiya ce da ba ta da abin asara, kuma tana da Jimmy Johnson. Tun Janairun 1996 rabonta da kofi. Wanda zai zaɓa mata da guraben nan shi ne rabin cinikin da ba mu gani ba tukuna.

Wannan hukuncin shawarar da aka yanke ne. Hukuncin sakamako kuwa sai yaran 2026 da 2027 sun buga kaka biyu ko uku, wato wajen 2029. Rauni ɗaya a gwiwa zai iya juya lissafin gaba ɗaya, kuma hakan ba zai mayar da shawara mai kyau ta zama wauta ba.

Ranar 28 ga Satumban 2025 Green Bay za ta je Dallas, ƙarfe ɗaya da wani abu na dare agogonmu. Zan kalla, kuma na san duk wanda ya ci, washegari za a cika nan da cewa an gano wanda ya cuci wani. Ni dai ba za ku ji daga bakina ba. Wanda ke son ɗaukar hoton wannan rubutun ma ya ɗauka, mu haɗu a 2029 in muna raye.