Muryar Iya a Cikin Faifai

Akwai wani malamin Hausa a Damagaram da ya ajiye faifan CD guda a akwatin littattafansa kusan shekara ashirin. Muryar kakarsa ce a ciki, wadda suke kira Iya, tana tatsuniya, tana kuma jero sunayen hatsi da na ciyayi da irin Hausar da ba a cika ji ba yanzu. Kaset ɗin da aka fara naɗar muryar ya daɗe da lalacewa, tsohuwar kuma ta riga mu gidan gaskiya. Ranar da ɗalibansa suka kai darasin karin harshe, sai ya yi niyyar jiyar da su. Ya danna maɓalli, tiren da ake ɗora faifai ya ƙi fitowa daga kwamfuta.

Wannan bai ba shi wuya ba. Ɗan bel na roba ne ke jan tiren, zafi da tsufa kuwa suna sassauta shi. Masu ƙera na'urar sun bar wata ƴar ƙaramar huda a gabanta saboda irin wannan rana. Ya kashe kwamfutar, ya miƙar da ƙarfen maƙala takardu, ya tura a hankali, tire ya leƙo. Amma da ya kunna ya sa faifan, sai ya yi ta juyi yana gurnani, can ya yi tsit. Kwamfuta ta ce babu kome a ciki.

Wani ɗalibi ya ce, "Malam, a goga masa man goge baki, haka muke yi wa faifan fim."

Malamin ya ce, "A'a, ɗana. Fim akwai shi a kasuwa. Wannan shi kaɗai ne, ba zan taɓa shi ba sai na san inda ciwon yake."

Wuri uku ake zargi: faifan, na'urar da ke karanta shi, ko ita kwamfutar. Suka duba jerin kayan aiki a cikin Windows, sunan na'urar yana nan, babu alamar gargaɗi ruwan ɗorawa a kansa, ke nan wayoyi da manhaja lafiya lau. Suka sa DVD na fim, ya buɗe nan take. Ɗalibai suka dubi juna, domin a ganinsu hukunci ya fito: na'ura na aiki, faifan Iya ne ya mutu. Malamin bai iya cin tuwon kirki ba a daren nan.

Washegari ya gwada abin da ya kamata a gwada tun farko, wato wani CD daban. Shi ma ya ƙi. A nan ne hankalinsa ya ɗan kwanta. Ashe na'urar ba da haske guda take karatu ba: DVD tana karanta shi da jan hasken leza mai tsawon zango nanomita 650, CD kuwa da wani na nanomita 780. Ɗaya yana iya raunana ɗaya yana nan garau. Faifan da aka naɗa a gida kuma bai kai na masana'anta mayar da haske ba, shi ya sa idon da ya gaji ke fara kasa ganinsa. Wani mai gyara ya share ƙurar hunturu daga idon da auduga, bai yi amfani ba. Sai ya ara wa malamin na'urar waje, mai shiga ta kafar USB.

Kafin ya sa faifan, ya goge shi da ƙyalle mai laushi daga tsakiya zuwa gefe, ba da kewaye ba, don kada ƙarzuwa ta bi layin rubutu. Nan ya tuna wa ɗalibai asalin kalmar. Faifai dai abin rufe ƙwarya ne da bakace. Da garmaho ya zo aka ara masa sunan, daga baya CD ya gada. Aron ya dace fiye da yadda masu yinsa suka sani, domin mai saƙar faifai daga cibiya take farawa tana kewayawa zuwa baki, CD ma haka ake karanta shi.

Na'urar ta karɓa. Ya hana kowa saurare sai da ya kwafe kome cikin kwamfuta. Kwafi ya yi ta tafiya har ya zo kusa da ƙarshe, sai ya cije. Ya ɗaga faifan ga hasken taga, ya ga haske na ratsowa ta wasu ƴan layuka kusa da baki. Rubutun hannunsa ne. Da biro ya rubuta "Iya" a bayan faifan tun yana saurayi, bai san cewa a CD shimfiɗar da ke riƙe da sauti tana dab da wannan ɓangaren ba.

Tatsuniya tara suka tsira, da sunayen hatsin duka. Ta goma ta yanke daidai inda Gizo ya ɗaga murfin tukunya, Iya ba ta kai ga ƙurunƙus ba. Malamin ya tambayi ɗaliban ko akwai wanda kakarsa ta san ƙarshenta. Wata yarinya daga Mirriya ta ce za ta tambayo idan ta je gida ran Juma'a.