Kuɗin Goro Tsakanin Amurkawa da Mutanen Turai

Godiya ta tabbata ga Allah wanda Ya halicci mutane iri-iri, Ya saɓa harsunansu da launukansu. Tsira da aminci su tabbata ga Annabi Muhammadu da alayensa da sahabbansa baki ɗaya.

Bayan haka, 'yan'uwa Musulmi, abin da ya jawo maganarmu ta wannan mako wata gardama ce da ta tashi a zaurenmu bayan an tashi daga karatun la'asar. Wani alhaji ɗan kasuwa, wanda ya daɗe yana sayen kaya a Turai, ya ce shi dai ya sha ji daga bakin abokan cinikinsa na can cewa Ba'amurke mutum ne mai ƙarar murya, mai son kuɗi, wanda bai san kome ba game da duniya in ban da garinsu. Sai wani ma'aikacin gwamnati da ya yi kwas a Amurka ya ce ai su ma can cewa su ke yi Bafaranshe matsoraci ne mai girman kai, Ba'ingile kuwa miskili, Bajamushe ba ya dariya. Alhajin ya ce ruwa ba ya tsami banza. Ma'aikacin ya ce ba a taru an zama ɗaya ba. Daga nan suka juyo gare mu, suka ce, "Allah gafarta Malam, a raba mu." Muka nemi a ba mu kwanaki mu duba, ga abin da ya sawwaƙa.

Da farko sai a san cewa wannan zolaya tsohuwa ce, ta girmi ita kanta ƙasar Amurka. A ƙarni na 18 wani babban masanin halittu na Faransa, Bufon, ya rubuta cewa sanyi da danshin nahiyar Amurka suna tsumburar da abin da ke cikinta, har dabbobinta ba su kai na Turai girma ba. Waɗansu da suka biyo shi suka ƙara gishiri, suka ce Baturen da ya koma can ma zuriyarsa lalacewa za ta yi. Bufon kuwa bai taɓa taka nahiyar ba. Abin ya dami Tomas Jefason, wanda ya ke jakadan Amurka a Faris a lokacin, kafin ya zama shugaban ƙasa na uku. Ya aika gida aka farauto wata ƙatuwar dabbar dawa dangin barewa, wadda ta fi doki tsawo, aka ɗoro fatarta da ƙasusuwanta da ƙahoni a jirgin ruwa, suka iso Faris a 1787, domin Bufon ya gani da idonsa. Gani ya kori ji. Amma Bufon ya mutu a 1788, maganar kuwa ta riga ta yaɗu.

Bayan wannan sai matafiya suka karɓa. Marubucin Ingila Chals Dikins ya ziyarci Amurka a 1842, ya komo ya cika shafuka da ƙorafi kan yadda mazan can ke tauna taba suna tofar da yawu ko'ina, har a cikin majalisarsu. Mak Tuwen na Amurka ya rama a 1869, ya yi wa Turai ba'a kan masaukan da babu sabulu a cikinsu da 'yan rakiya masu damun baƙo. Ko wannensu ya ga wani abu da gaske, amma a masauki da tashar jirgi ya gan shi, cikin 'yan watanni, sa'an nan ya shafa wa miliyoyin mutane.

Kalmar da Turawa ke kiran wannan ɗabi'a da ita daga wurin maɗaba'a suka aro ta. Asalinta sunan farantin ƙarfe ne da a ke zubawa sau ɗaya, a yi ta buga dubban shafuka da shi ba tare da an sāke ko harafi ba. Wani ɗan jaridar Amurka, Walta Lipman, shi ya mai da ita ga ma'anarta ta yanzu a 1922. Mu a nan cewa mu ke yi an yi wa mutane kuɗin goro, watau an haɗa manya da ƙanana, masu kyau da masu tsutsa, an yanke musu kuɗi ɗaya.

To, akwai gaskiya a ciki ko babu? Amsa ita ce maganganun nan iri biyu ne, kuma cakuɗa su shi ne tushen kuskure. Akwai magana kan al'ada da tsarin zama, wadda a ke iya ƙirgawa. Akwai kuma magana kan hali da abin da ke cikin zuciya.

Iri na farko sau da yawa ya kan tabbata. Mutanen Turai na cewa Ba'amurke ba ya jin wani harshe sai nasa. Cibiyar bincike ta Pew ta nuna a 2018 cewa a galibin ƙasashen Turai kimanin yara 9 cikin 10 na koyon baƙon harshe a makaranta, a Amurka kuwa 2 ne cikin 10. Amurkawa na cewa mutanen Turai sun cika son hutu. Dokar Tarayyar Turai ta wajabta wa ko wane ma'aikaci hutun mako 4 a shekara da albashinsa, dokar tarayya ta Amurka kuwa ba ta wajabta ko da kwana ɗaya ba. Waɗannan ba ƙage ba ne. Amma a dubi dalili. Mutumin da zai tashi daga Niyok zuwa Los Anjalis, tafiyar kusan kilomita 4,000, harshe ɗaya ya ishe shi, alhali ƙasar Beljiyam ƙarama tana da harsunan hukuma uku. Falken da ke ƙetare iyaka ko wane wata dole ya iya ƙirga da Faransanci, na cikin gari kuwa ba ruwansa, ba don na farkon ya fi basira ba. Haka kuma hutun Bafaranshe doka ce da ƙungiyoyin ƙwadago suka yi fafutuka a kanta, ba lalaci ne da aka haife shi da shi ba. Ibn Khaldun ya faɗakar da wannan tun 1377 a cikin Muƙaddimarsa, inda ya mai da yawancin ɗabi'un al'ummomi ga hanyar neman abincinsu da abin da suka saba da shi. Abin da sabo ya kawo kuwa, sabo na iya kawar da shi. Taunar tabar da Dikins ya gani a majalisa yau ta zama labari.

Iri na biyu kuwa, da aka ɗora shi a sikeli sai ya kasa. A 2005 mujallar kimiyya ta Science ta buga wani bincike da aka yi cikin al'ummomi 49. An tambayi mutane kusan 4,000 su siffanta halin mutumin ƙasarsu kamar yadda a ke faɗi, sa'an nan aka gwama da halayen mutane na ainihi da aka auna ɗaya bayan ɗaya. Ba su dace ba. Ingilishi, waɗanda su da kansu ke ɗaukar kansu miskilai, sai aka same su cikin masu yawan son shiga jama'a. Mutanen Kanada da na Amurka, waɗanda ko wannensu ke rantsuwa ya sha bamban da ɗan'uwansa, aka tarar halayensu sun yi kusa ƙwarai. Tun kafin wannan, a 1933, an ba ɗalibai 100 na jami'ar Firinston jerin siffofi, aka ce su zaɓa wa al'ummomi goma. Da aka zo kan Turkawa siffar da ta fi yawan fitowa ita ce mugunta, alhali yawancin yaran ba su taɓa zama da Baturke ba. Gadon ji suka amayar.

Mu ɗauki tsoron da a ke jingina wa Faransawa. Gaskiya ne Jamus ta ci ƙasarsu cikin mako 6 a 1940. Amma a Yaƙin Duniya na Farko sojojinsu kimanin miliyan 1 da dubu 400 suka mutu, daga ƙasa mai mutane wajen miliyan 40, na Amurka kuwa kimanin dubu 116. Kuma jiragen ruwan Faransa ne suka tare teku a 1781 har Ingilishi suka sallama a Yoktawun, Amurka ta sami 'yancinta. Hukumar sojan Amurka da kanta ta gane haɗarin irin wannan magana. A 1945 ta buga wa sojojinta wani ɗan littafi mai ƙorafi 112 da su ke yi kan Faransawa, ta bi su ɗaya ɗaya tana amsawa, tana tuna musu cewa wanda ya yi shekara 4 a ƙarƙashin mamaya, babu sabulu babu gawayi, ba a zarginsa da ƙazanta. Duk da haka, a 2003, da Faransa ta ƙi goyon bayan yaƙin Iraƙi, tsohon gorin ya farfaɗo, har a wurin cin abinci na majalisar wakilan Amurka aka cire sunan Faransa daga soyayyen dankali. Makaman da aka kafa hujjar yaƙin da su ba a same su ba, a 2006 kuma aka mai da sunan shiru. A nan ne abin ya wuce wasa, gama da aka ce matsoraci ne ke magana, sai aka huta da sauraren hujjarsa, jini kuwa ya zuba a ƙasar Musulmi.

Addininmu bai hana siffanta al'umma a dunƙule ba in da adalci. Imamu Muslim ya ruwaito yadda Amru ɗan Asi, Allah Ya yarda da shi, ya lissafa wa Rumawa kyawawan siffofi, daga ciki har da saurin farfaɗowa bayan masifa, da kula da miskini da maraya, da hana sarakunansu zalunci. Ya faɗi haka ne kan mutanen da ya yaƙa, bayan ya san su a fagen fama da kuma teburin sulhu. Amma inda magana ta zo kan mutum guda, Alƙur'ani bai yarda da kuɗin goro ba. A aya ta 75 ta Suratu Ali Imrana an raba Ma'abota Littafi gida biyu kan riƙon amanar dukiya, aka yabi wani aka zargi wani, alhali addininsu ɗaya. Suratul Hujurati kuma ta haɗa umurnin bincika labari, da hanin izgili da jifa da miyagun laƙabobi da yawan zato, da bayanin cewa an yi mu dangogi ne domin mu san juna. Malaman hadisi a kan haka suka gina iliminsu.  Suna bin ko wane mai ruwaya da sunansa, su tambayi waɗanda suka zauna da shi.

Usama ɗan Munƙiz, jarumin Sham wanda ya rasu a 1188, ya yaƙi Turawan 'yan Salibi shekaru da yawa, bai kuwa rage musu zagi ba a littafinsa. Amma ya ba da labarin ranar da ya ke salla kusa da Masallacin Aƙsa, wani Bature ya cafke shi ya juya fuskarsa gabas da ƙarfi. Waɗansu Turawan, abokansa, suka janye mutumin, suka ba shi haƙuri cewa sabon zuwa ne. Usama ya lura cewa waɗanda suka daɗe cikin Musulmi sun fi sababbin zuwa kyawun mu'amala. Ko a tsakiyar yaƙi ya iya rarrabewa.

Mu ma ba za mu wanke kanmu ba. Shekarun baya an aiko mana wani Ba'amurke mai nazarin tsofaffin littattafan malamanmu. Tun kafin ya iso muka yanke cewa mai gaggawa ne, zai ɗauki hoto ya wuce, saboda haka muka fito masa da abin da ba shi da muhimmanci, muka ɓoye sauran. Mutumin nan ya yi wata uku yana zuwa, yana tuɓe takalmi a ƙofar zaure, yana jira har mu sallami almajirai. Wata rana ya nuna mana inda mai kwafi ya tsallake layi a wani littafi da muka karanta sau da yawa ba mu lura ba. Muka ji kunya, muka buɗe masa akwatin. Wata biyu na aikinsa mun ɓata su da zato, kuma har yau muna neman gafarar Allah a kan haka.

Saboda haka, ga alhajinmu muka ce: sanin al'adar mutane jari ne, ka riƙe shi. In an gaya maka mutanen wata ƙasa na son a cika alkawarin lokaci, ko ba su son doguwar gaisuwa kafin ciniki, yi amfani da shi, zai sauƙaƙa maka hanya. Amma ranar ba da bashi ko karɓar amana, tambayi labarin mutumin da kansa, gama mayaudari ya fi kowa sanin irin shaidar da a ke yi wa ƙasarsu. Ga ma'aikacinmu kuma muka ce: fayil ɗin da ke gabanka na mutum ɗaya ne. In ka dubi sunan da ke bisa ka yanke hukunci kafin ka buɗe ciki, to ka yi abin da Bufon ya yi, sai dai shi dabbobi ya zalunta, kai kuwa mai haƙƙi, wanda zai tsaya da kai gaban Allah. Laifi tudu ne. Mun ji zafi sau da yawa da aka shafa wa Musulmi duka laifin 'yan kaɗan, bai kamata mu auna wa wani da mudun da muka ƙi ba.

Allah Ya tsare harsunanmu daga shaidar abin da ba mu gani ba, Ya sa mu yi adalci ga wanda mu ke so da wanda ba mu so. Amin. Wassalamu alaikum.