Shekarar da Waya Ta Mutu

Daminar 2018 ce ta raba mana zamani gida biyu. Kafin ta, dare namu ne a ƙasar Rabah. Da bazara a tsakar gida ake kwana, 'yan mata na gaɗa a dandali har wata ya faɗi, mai jaki ya yi sammako zuwa kasuwar Achida ko waiwaye ba ya yi. A watan Yuli aka afka wa Tabanni da ke gundumar Gandi, aka kashe mutane da yawa, waɗanda suka tsira suka cika makarantar firamare ta Gandi.

Ba mu san ko su wane ne ba. "Mutanen daji" kawai ake cewa, shi ma ƙasa-ƙasa. Sunaye irin su Bello Turji daga baya suka iso kunnenmu. Abin da muka sani shi ne ƙarar babura, da shirun da ke biyo bayanta. Baba ya kwashe mu zuwa gidan Kawu a Wurno, muka bar rumbu cike.

Mutane kan yi mamaki in na ce ina kewar zaman nan, amma ina kewarsa ƙwarai. Iyali biyu a gidan da ko ɗaya bai wadata ba, tukunya ɗaya. Inna ta kafa doka: a ci tuwo kafin magariba, a kashe wuta, kowane babba ya san yaron da zai saɓa in ta ɓaci. Ƙullin gari da ƙuli-ƙuli na rataye a bakin ƙofa. Kaka kuwa ba ta fasa tatsuniya ba, sai dai ta mayar da ita raɗa. Takan tuna mana cewa Sarkin Musulmi Muhammadu Bello ribaɗi ya mai da Wurno, a nan ya rasu a 1837, a nan yake kwance. "Garin tsaro na," in ji ta, "ku kwanta."

A Satumbar 2021 aka katse layukan waya a ƙananan hukumomi 14 na jihar Sakkwato. Sai ka ce duniya ta tashi an bar mu mu kaɗai. Labari ya koma bakin direbobi da rediyon Kawu. Ranar Lahadi, 17 ga Oktoba, Yaya ya kai sabon gero kasuwar Goronyo, ranar da aka buɗe wa 'yan kasuwa wuta. Gwamna Tambuwal ya tabbatar da mutuwar mutum 43. Mu dai a daren ba mu da adadi, ba mu da wanda za mu kira. Baba ya kwana zaune a zaure da carbi, Inna ta ajiye tuwon Yaya a rufe ta hana kowa taɓawa. Da hantsi ya shigo, ba takalmi, ba kuɗin gero. Inna ko kuka ba ta yi ba, cewa ta yi, "Wanke hannu ka ci."

Layi ya dawo, amma gidan ya watse. Yaya na kabu-kabu a Sakkwato, ƙannena mata aure ya kai su nesa, Kaka ta rasu ba ta sake ganin garinmu ba. Gonarmu na nan, Baba na zancenta duk farkon damina, har yau bai yarda ɗayanmu ya je ya duba ta ba.