Da Akala a Hannu zuwa Balma

Shekarar da na faɗi jarrabawar BEPC, gidanmu na Agadas ya yi mini ƙunci. Ba wanda ya zage ni, amma ko aike ya tashi ƙanena ake kira, har ni ma na soma yarda cewa ba abin da zan ɗauka in kai shi ƙarshe. Da kaka ta yi, kawuna ya sauko daga Timiya. Ba'abzine ne da ya yi furfura a hanyar gishiri, yana neman yaron da zai riƙe masa akala zuwa Balma. Inna ta ce, "Yaya, wannan fa ko ɗebo ruwa sai an yi faɗa da shi." Ya ce ta bar shi da ni.

Wahalar ta fara tun ba a ɗaura wa raƙumi kaya ba. Hamadar Tenere ba ta da ciyawa, don haka ayari da abincin dabbobinsa yake shigarta. Muka yi ta yankan ciyawa a gindin duwatsun Abzin muna ɗaure ta dami-dami, da dare kuma tufkar igiyar kaba, har tafin hannuna ya yi bororo, ya fashe, ya koma kanta. Sannan aka ɗora hatsi da cuku da salkunan ruwa, madugu ya yi addu'a, muka fuskanci gabas.

Tsakanin Agadas da Balma akwai wajen kilomita 600, kuma abin da ba a gaya mini ba shi ne ayari ba ya tsayawa da rana. In raƙuma suka tsaya sai su harɗe, kaya su zube. Daga hantsi har dare ya raba ana tafe. Shayi a tafe ake dafa shi, wani yaro na lilo da kaskon gawayi. Furar hatsi da cuku da dabino a tafe ake miƙa ta. Mai salla ya ratse gefe, in ya sallame ya biyo da gudu. In an yi zango kuma a sauke kaya, a sa dabaibayi, a yi wa raƙuma takunkumi don kada su cinye guzurin gobe, ga sanyin da ke ratsa bargo.

A rijiyar Bishiyar Tenere na kai maƙura. Ita bishiyar ma babu ita: wata babbar mota ta buge ta a 1973, aka kai gangar jikinta gidan tarihi na Yamai, aka kafa ta ƙarfe a gurbinta. Dugadugaina sun yi faso, cinyoyina sun saɓule. Na tsugunna gaban kawu na ce, "Kawu, ni ba zan iya ba. In mota ta biyo, a sa ni in koma."

Bai ko ɗago kai ba. Ya ce, "To, ɗana. Kafin motar ta zo, kama igiyar gugan nan."

Rijiya ce mai zurfin gaske, raƙuma kuma ba sa ƙoshi da wuri. Ko da na ƙarshe ya sha, la'asar ta yi, mota ba ta zo ba, madugu ya riga ya ɗaga. Na kama akala na bi. Ina jin masu wa'azin juriya suna cewa ƙarfin zuciya ne ke fara zuwa, aiki ya biyo baya. Ni dai a hamada ban ga haka ba. Tsorona yana nan daram har Fachi, sai dai akumari ya karkace, igiya ta tsinke, raƙumin baya ya ƙi tashi, ban sami sararin zama in saurare shi ba.

A Fachi, garin Barebari mai gonakin dabino, muka huta. A hanya mun riƙa ajiye dammunan ciyawa saboda komowa, kuma ba mai taɓa na wani. Daga nan sai tuddan rairayi, har duwatsun Kawar suka bayyana.

A ramukan Kalala, kusa da Balma, rana ce ke ƙafar da ruwan gishiri. Beza mai tsabta na miya ne. Na dabbobi kuwa a kwaɓa shi, a zuba a kututturen dabino da aka rarake, ya fito kantu. Kawu ya yi cinikin hatsinsa, ni kuma aka bar ni da naɗe kantu cikin tabarmi, huɗu zuwa shida kan kowane raƙumi. Wanda ya fashe, rabin kuɗinsa ya tafi a kasuwannin Damagaram da Tasawa, inda motoci ma suke kawo nasu yanzu su karya farashi.

Komowa ta fi zuwa wuya, don raƙuma sun rame, kaya sun yi nauyi, har wani tsohon amale ya durƙushe muka raba kayansa muka bar shi. Bayan mun wuce Fachi kawu ya ware raƙuma biyar ya ce ɗaurinsu da saukensu nawa ne, ba zai duba ba. Da muka isa Abzin ya kwance tabarmin ɗaya bayan ɗaya, yana ƙwanƙwasa kowane kantu da ɗan yatsa. Ya tarar da guda mai tsaga, ya ce zai cire a ladana. Sannan ya dubi ƙafafuna ya ce, "Baɗi ka nemo takalmin kirki."