Kanta Marar Tokara

Mai ɗakina ta daɗe tana son kanta mai tsawon ƙafa 6, irin wadda ake gani kamar daga bango ta tsiro, babu tokara a ƙarƙashi. Tasoshi da kwanuka za ta jera a bisa, a ƙasa kuwa nan yara suke shimfiɗa tabarma da dare. Shi ya sa na yi kwanaki ina neman ƙarfen da zai riƙe ta.

Waɗanda ake sayarwa a kanti cikin kwali ban yarda da su ba. Sirara ne, ƙusoshinsu gajeru, sun dai isa riƙe hoto ko ɗan agogo. Ka tuna, ya mai karatu, kanta irin wannan ba ƙasa kaɗai take danna ƙarfe ba, fizgo shi take yi daga bango, kuma duk yadda faɗinta ya ƙaru, haka fizgar take ƙaruwa. In kana shakka, riƙe bokitin ruwa kusa da jikinka, sa'an nan ka miƙe hannu da shi.

A ƙarshe wurin masu sayar da rodin gini na dace. Rodi mai kaurin milimita 16 ya fi na 12 wuyar lanƙwasuwa wajen sau uku, ko da yake a ido bambancinsu kaɗan ne. Na sa aka yanka mini guda 4. Kowanne ya shiga bango inci 5, ragowar kuma ya shige ramin da kafinta ya huda a cikin katako, kamar kashi biyu cikin uku na faɗinsa. Katakon tilas ya kai inci 2 kauri, in ba haka ba ramin zai tsaga shi. Bakin kowane rodi an ɗan ɗaga shi sama, don in kaya suka hau ya daidaita.

Amma bangon shi ne babbar magana. Bulo mai rami ba ya riƙe kome sai an cika wurin da kankare, a bar shi mako guda ana yayyafa masa ruwa. A kuma duba inda wayar lantarki ta bi kafin a huda. Bangon ƙasa kuwa, a ganina, kada a ɗora masa wannan aiki ko kaɗan. A kafa wa kantar ƙafafu har ƙasa.