Hannu ma yana da harshen uwa

Motar da na koyi tuƙi da ita Renault 4 ce ta kawuna, wadda mutane ke kira katirel. Tsohuwa ya saye ta, kuma sa'ad da ya fara ɗora ni bisa kujerar direba, cikin hutun damina na 1998, kamfanin ya riga ya daina ƙera irinta. Wanda duk ya taɓa shigarta ya san abin da ke fara ɗaure wa baƙo kai: sandar canza giya ba a ƙasa take tsakanin kujeru ba, daga allon gaba ta ɓullo, lanƙwashe kamar mariƙin laima. Turawa ake yi, a jawo, a murɗa. Sai daga baya wani makaniki ya buɗe mini gaban motar na ga dalili: akwatin giyar yana gaba da injin, don haka aka bi da dogon ƙarfe ta bisa injin har ya iske shi. Kawu kuwa bai damu da dalili ba. Abin da yakan ce kawai shi ne: "Ɗana, bar kallonta. Hannu ne zai haddace."

Hannun ya haddace, har da inda oda take. A katirel, kamar a Peugeot da yawa na wancan zamani, ba a tsakiyar sitiyari ake buga oda ba. Kan sandar fitila ake dannawa. Ban taɓa ganin haka a matsayin abin mamaki ba. Motocin da nake yi wa dariya su ne na wasu: Citroën DS ta 1955, wadda aka sa wa ɗan dunƙulen roba mai kama da naman kaza a madadin fedar birki, ko Saab ta ƙasar Suwidin mai makulli tsakanin kujeru, wai don kada ya fasa gwiwar direba in an yi karo.

Wata ranar Juma'a, shekaru bayan haka, wani abokin aikina ya ara mini Toyotarsa in ɗauko littattafai daga tasha. Kusa da babbar kasuwar Maraɗi wata yarinya mai tallar gyaɗa ta fito daga bayan wani amalanke, fuskarta na duban wani wajen. Hannuna ya tafi kan sandar fitila, ya danna, ya sake dannawa. Shiru. Na san sarai cewa odar Toyota a tsakiyar sitiyari take, na ma gan ta da idona kafin in tashi, amma sanin yana cikin kai, hannu kuwa yana cikin motar kawu. Allah ya sa birki yana inda na saba da shi. Faranti ya kife, gyaɗa ta watse bisa kwalta, yarinyar ta tsaya tana kallona, ba ta ko yi kuka ba. Na biya kuɗin gyaɗar, na zauna cikin mota na ɗan lokaci kafin ƙafata ta daina rawa.

Ran Litinin ina gyaran takardun faransanci sai na iske wani ɗalibi ya rubuta "j'ai mangé l'examen". Na ci jarrabawa yake nufi. Shekara da shekaru ina jan layi da jan biro ƙarƙashin irin wannan, ina rubuta a gefe cewa rashin kula ne. Yaron ya san "réussir", ni na koya masa, ya kuma maimaita a gabana. Sai da lokaci ya ƙure masa cikin aji, hankali ya tashi, harshensa ya koma inda ya fara danna oda.

Har gobe ina rage maki a kan haka, domin mai gyaran jarrabawar BEPC ba zai yafe masa ba, kamar yadda hanya ba ta tambayi motar da na koya da ita ba. Kalmar "rashin kula" ce dai na daina rubutawa. Ita kuwa katirel tana nan kwance a bayan gidan kawu, kaji suna ƙwai bisa kujerar baya. Duk motar da aka ara mini yanzu, kafin in motsa sai na buga oda sau biyu a tsaye. Maƙwabta suna ɗauka sanarwa nake yi cewa malam ya samu mota.